Muzurun maƙwabcina ya kashe min tantabaru bakwai, ya ce wai kyanwa ba ta da mai ita

MaiTantabara_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah a fahimtar da ni wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ina kiwon tantabaru a bayan ɗakina nan Garwa ta ƙasar Kamaru, shekara shida kenan, da su nake rage kuɗin makarantar yara. Daren Talata wani jan muzuru ƙato na maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu ya shiga ɗakinsu ya kashe bakwai, uku ya ci, huɗu ya bar su a ƙasa wuya a karye, har da uwar da take kan ƙwai. Da asuba na ganshi da idona kwance kan buhun gawayi a zaurensu, gashin tsuntsu manne a bakinsa. Na bari gari ya waye na yi sallama da Alhajin cikin mutunci, sai ya ce min "Malam ka yi haƙuri, amma kyanwa ai ba ta da mai ita, zuwa kawai take yi yara na ba ta ragowar tuwo." To abin da ya fi min ciwo, bara da karen ƙanina ya kashe masa ɗan akuya shi wannan Alhajin har gaban jauro, wato mai unguwarmu, ya kai magana, aka sa muka biya sefa dubu 15 a ranar, ba mu yi musu ba. Shin mai kare ne kaɗai ke ɗaukar nauyin ɓarnar dabbarsa? Mai kyanwa fa? A shari'a da dokar ƙasa duka nake tambaya.

Dan_Yelwa:
Allah ya mayar da alheri. Amma gaskiya ɗan'uwa kyanwa daban kare daban, kare ana ɗaure shi ya zauna, kyanwa wa zai ɗaure ta? kan katanga da kwano take yawo, ko ka rufe ƙofa ta taga zata fita

Maman_Biyu:
Dan_Yelwa to in ba a iya ɗaure ta ba a iya rufe ta a ɗaki da dare ai. Ni tawa magariba na yi nake kiranta da kan kifi ta shigo kicin in ja ƙofa, shekara uku ba wanda ya taɓa kawo min ƙara. Mutane ne basa so su wahala, suna son ta kama musu ɓera amma basa son nauyinta.

Dalibin_Doka_Dang:
Yaya MaiTantabara, a ɓangaren doka maganar a fili take. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere, ba lauya ba tukuna, amma wannan tun shekara ta biyu aka koya mana. Dokar farar hula da muke aiki da ita a yankunan da ke amfani da Faransanci, wadda muka gada daga Faransa, sashe na 1385 cewa ya yi mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin, shi ke da alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta kuɓuce masa. Dabba kawai aka ce. Ba a ce kare ba, ba a ce saniya ba, ba a cire kyanwa ba. Kuma ba sai ka nuna ya yi sakaci ba, kasancewar dabbar a ƙarƙashinsa ya isa. Abin da zai iya fitar da shi sai ya nuna laifin naka ne, ko wani abu ne da ya fi ƙarfin kowa. Cadi ma wannan sashen suke bi. A Faransa kanta tun 2016 sun sauya masa lamba ya koma 1243 amma maganar ba ta canza ba.
Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatar da cewa nasa ne. Shi ya sa ma Alhajin ya fara da "ba ta da mai ita", ko ya san doka ko bai sani ba ƙofar da ya bi kenan.

Dan_Yelwa:
To ka gani, ai maganata kenan. Kare kowa a layi ya san na wane ne. Kyanwa gida uku take ci.

MaiTantabara_Garwa:
Dan_Yelwa wannan ba gida uku yake ci ba wallahi. Tun yana ɗan ƙarami 'yarsa ta ɗauko shi a kwali daga gidan kakarta, suna da suna da suke kiransa da shi, akwai kwanonsa na roba a gindin randa. Lokacin da wani yaro ya jefe shi ya karye a ƙafa matar Alhajin har gidan su yaron ta je ta yi faɗa tana cewa an karya mata mage. Ranar tana da mai ita, yau da ta yi ɓarna ba ta da shi?

Hajiya_Domayo:
Wannan maganar ta ƙarshe ita ce maganar. Ranar daɗi tawa ce, ranar biya ta Allah ce. Ɗana kar ka bari wannan ya wuce a haka, ba don kuɗin ba.

Malam_Lopere:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Bari in ɗan ce wani abu ta fuskar addini gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamanmu.
Asalin maganar ɓarnar dabbobi tana cikin Alƙur'ani, suratul Anbiya aya ta 78, hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana kan tumakin da suka shiga gona da dare. Sannan hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu dabbobin. Imamu Malik ya kawo shi. Wannan kan dabbobin kiwo ne da ake kora ana dawowa da su.
Kare kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi magana kan kare mai cizo, idan an riga an gargaɗi mai shi ya ci gaba da riƙe shi har ya yi ɓarna, to lamuni ya hau kansa. Kyanwa ma ba a bar ta a baya ba, a wajen Shafi'iyya Imamu Nawawi ya faɗa a sarari cewa kyanwar da aka san ta da cin tsuntsaye ko ɓata abinci, mai ita zai biya, dare ne ko rana, wadda ba a san ta da hakan ba kuwa babu biya. To ka ga ma'aunin ba kare ko kyanwa ba ne, ma'aunin shi ne an san halinta? an gaya wa mai ita? Shi ne nake tambayarka Malam, wannan ne karo na farko, ko ya taɓa yi ka sanar da shi?

MaiTantabara_Garwa:
Allah ya gafarta Malam, karo na biyu kenan. Da azumi ya ɗauke 'yan shila biyu, na gaya wa babban ɗansa, ban samu Alhajin da kansa ba saboda ina jin nauyinsa, ya girme ni nesa.

Malam_Lopere:
To da ka same shi da kansa a lokacin da maganar ta fi ƙarfi. Amma yanzu kam ya sani, daga yau duk abin da muzurun ya sake yi ba shi da hanzari.

Sarkin_Samari_Kusuri:
ni dai ba dogon zance, kifi daya da maganin bera shikenan ka huta

Maman_Biyu:
Subhanallahi. Ka ji tsoron Allah ƙanina. Dabbar me ta sani? Yunwa da halittarta ta bi. Kuma gubar da ka ajiye ba ta san muzuru ba, a layinmu wani ya taɓa zuba wa karnuka, kajin mutane tara suka mutu, angulu ma biyu aka tsinta a bayan gari, Allah ne ya tsare wani yaro mai rarrafe da aka cire naman a hannunsa.

Malam_Lopere:
Sarkin_Samari ka janye wannan shawara. Hadisi ingantacce ne a Bukhari da Muslim, mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Kuma a littattafan nan biyu akwai mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Ku lura, ɗaya kyanwa ɗaya kare, duka an ba su haƙƙi. Mu ne muka ɗauki kyanwa muka ce mai tsarki ce don haka komai ta yi a kawar da kai, muka ɗauki kare muka ce ƙazami ne don haka duk yaron da ya ga dama ya jefe shi. Eh hadisin Abu Ƙatada ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, amma wannan hukuncin ruwan da ta sha ne, ba hukuncin tantabarun maƙwabci ba. Kuma a mazhabarmu kare mai rai ma ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne. An yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da gona.

Sarkin_Samari_Kusuri:
na janye Malam, bacin rai ne, nima an taba cinye min 'yan tsaki 12 a dare daya ba wanda ya ce min ko sannu

MaiAllura_Marwa:
Ni aikina allurar dabbobi ne, shekara 14 ina yi, kuma akwai dalilin da ya sa hukuma da jama'a suka fi sa ido kan kare, bai kamata mu manta da shi ba saboda tantabaru. Ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum kusan dubu 59 ke mutuwa da shi duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare suke ɗauka, kuma kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita da iska, to sai dai addu'a. Ɓarnar kare tana kaiwa ga rai, shi ya sa nauyinsa ya fi.
Amma fa kyanwa ma tana ɗauka tana bayarwa, ta cizo, ko ta yakushi idan yawunta ya taɓa wajen. Kuma a duk shekarun nan zan iya ƙirga mutanen da suka kawo min kyanwa rigakafi da yatsun hannu ɗaya. Kare ana kawowa, musamman masu gadi da mafarauta, a yi masa a ba shi karne, wato katin shaidar allura. Kyanwa in ka ce a kawo dariya ake maka, alhali ita ce ke kwana kan katifar yara, karen yana waje.

Inna_Ridina:
MaiAllura Allah ya saka. Ni daga Njamena nake, abin da ka faɗa ya faru a gidana. Jikata 'yar shekara biyar ta je ɗaukar wata kyanwa da ta shigo ta lafe a bayan tukunyar ruwa, ta cije ta a tsakanin babban yatsa da manuni, haƙora biyu ƙanana kamar tsinin allura, jini ma kaɗan ne. Kakarta ta wajen uba ta ce a shafa toka a bari. Ni dai hankalina bai kwanta ba don kyanwar tana ta zubar da yawu ba ta gudu in an kore ta. Muka bi gida-gida, kowa ya ce ba tasa ba ce, har gidan da kowa ya san a nan take haihuwa. Washegari aka tsince ta a mace a kwata. Wajen farko da muka je suka ce allurar ta ƙare, sai waje na biyu muka samu, muka yi ta zirga-zirga har aka gama, kuɗin da na tara na sayen keken ɗinki duk a nan suka tafi. Yarinya lafiyarta lau yanzu alhamdulillahi tana aji uku. Amma har yau in na wuce ƙofar gidan nan sai na ji wani abu a ƙirjina, ko sannu ba su zo sun yi ba don kar a ce tasu ce.

Hajiya_Domayo:
Allahu akbar. Allah ya raya ta Inna. Kin yi dabara da ba ki bi ta toka ba.

MaiAllura_Marwa:
Inna kin ceci rai. Jama'a ku riƙe wannan, kare ne ko kyanwa, abu na farko a wanke wajen da ruwa da sabulu minti 15 cur ana zuba ruwa, ba a ɗaure ba a shafa toka ko wani maganin gargajiya, sannan a tafi asibiti a ranar, ba a jira a ga ko zai kumbura. Ciwon yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya fito, wani lokaci sati ɗaya wani har shekara, shi ya sa mutane ke cewa ai ya warke. Gashin karen da ake ƙonawa a shafa ba ya komai. Kuma kar a kashe dabbar da ta yi cizon idan ana iya tsare ta, a kai ta wajen likitan dabbobi a sa mata ido, mu kwana 15 muke yi. Nan ne ma ake gane amfanin mai dabba, in ba wanda ya ce tasa ce wa zai tsare ta? Mutanen Garwa ku kuna da sauƙi, ga reshen Santar Pastor, cibiyar gwaje-gwajen lafiya, a cikin gari, ga LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, a Bokle.

Dan_Farsha:
Inna_Ridina ai kin tuna 2012 da 2013 da aka yi wa karnukan Njamena rigakafi kyauta unguwa-unguwa, cibiyar binciken dabbobi ta Farsha da mutanen Suwizalan suka yi, an wuce kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari kuma ciwon ya lafa sosai bayan nan kafin ya sake shigowa daga karnukan waje. Abin da na gani da idona a lokacin, karnukan da muke cewa na bola ne ba su da mai su, da aka ce kyauta ne sai ga yara suna jan su da igiya. Ashe mafi yawansu da gidajensu. Kyanwa ma haka ne, ka ce yau ana raba buhun shinkafa ga duk mai mage ka ga yadda za a fito da su.

Dan_Yelwa:
Na yarda da maganar ciwo. Amma mu dawo kan tantabaru, shi mai kiwo ba shi da nasa nauyin? Zakaran da Allah ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi, wato tun kakanni an san muzuru na nan, mai kaji shi ke gyara akurkinsa. In ba na Alhaji ba gobe na dawa zai zo, wa zaka kai ƙara?

MaiTantabara_Garwa:
Wannan gaskiya ne ba zan ƙi ba. Ƙofar ɗakin ragar waya ce, ta yi tsatsa daga ƙasa, damina ta ci ta, ina ta cewa zan canza in an biya ni wani aiki. Ta nan ya tura kai ya shiga. Amma Dan_Yelwa ɗan akuyan Alhaji ma a titi yake yawo ba igiya ranar da kare ya kama shi, ba wanda ya ce masa ina garkenka.

Dalibin_Doka_Dang:
Yaya abin da ka faɗa yanzu a kotu zai iya sa a raba laifi, a ce wani kaso naka wani nasa, ba lallai ya wanke shi duka ba. Amma ni ban ba ka shawarar kotu ba, kuɗin takarda da zirga-zirga zai ninka kuɗin tantabaru bakwai, ga maƙwabtaka ta lalace. Jauron da ya yanke na akuya shi zaka koma wa, ya auna da mudun da ya auna muku.

Baƙon_Marsai:
Ni ɗan Ngaundere ne ina zaune Faransa. Su ma nan ba su daidaita su ba ta wajen yawo, kare in ya yi nisa da mai shi fiye da mita 100 ba mai kula da shi ana ɗaukarsa mai gararamba ne a kama, kyanwa kuwa an ba ta har mita 1000 daga gidan mai ita. A Ingila ma in ka buge kare da mota dole ka tsaya ka ba da rahoto, kyanwa ba dole. To sun yarda halittarsu ba ɗaya ba ce. Amma abin da suka toshe shi ne wannan magana ta "ba tawa ba ce", ana sa wa dabba wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai lamba, in an duba sunanka ya fito. Ingila tun watan Yuni 2024 ya zama dole ga kyanwa, kare tun 2016. An bar ta ta yi yawo amma ba a bar ka ka gudu ba.

Hajiya_Domayo:
Mu ba ma buƙatar na'ura ɗana, maƙwabta sun fi na'ura sani. Ni abin da ke ƙona min rai ma wani ne, 'ya'yan kyanwa da ake zubarwa. Ciki wata biyu ne kawai, a shekara ta haihu sau biyu ko uku, huɗu biyar kowane, sai a zuba su a buhun siminti tun idonsu bai buɗe ba a ba almajiri ya kai bakin mayo, wato kogi, ko bayan kasuwa. Na taɓa tsintar buhu a hanyar asibiti yana motsi, biyar ne a ciki uku sun riga sun mutu da zafin rana, biyun na ɗauko ina ba su madara da sirinji, ɗaya ta rayu. Waɗanda suka tsira a bola su ne gobe ke cin kajin mutane a ce na dawa ne. Ba na dawa ba ne, daga ɗakin wani suka fito. 'Yan kwikwiyo ma haka ake musu.

MaiAllura_Marwa:
Hajiya maganinsa fiɗiya. Muzuru aikin minti kaɗan ne, kuma in an yi masa yawon dare da faɗa suna raguwa sosai, ko da yake farauta ba ta barinsa. Macen ma ana mata aiki amma sai wajen likita mai kayan aiki.

Maman_Biyu:
Malam_Lopere fiɗiye kyanwa ya halatta kuwa? na ji wasu na cewa canza halitta ne

Malam_Lopere:
Akwai saɓani a kai Hajiya, wasu sun hana a dabbar da ba a ci, wasu sun yi sauƙi idan don kauce wa cutar da ta fi ne kuma ba a azabtar da ita ba. Wannan sai mun ware masa zama na daban. Abin da ba saɓani a kai shi ne buhun da Hajiya_Domayo ta faɗa.

MaiTantabara_Garwa:
Na gode ƙwarai jama'a. Bayan isha'i jiya na je wajen jauro ni da ƙanina, ban kai ƙara ba, na dai ba shi labari na ce ya kira mu ya ji. Yau da safe aka zauna a ƙofar gidansa. Alhaji da farko ya maimaita maganarsa, sai jauro ya tambaye shi wa ya ɗaure wa muzurun ƙafa lokacin da ta karye, ya yi shiru, sannan ya ce iyalinsa ne. Ya ce zai biya huɗun da aka bari a ƙasa, ukun da aka ci wai ba shaida. Ni kuma na ce kuɗin ba su ne gabana ba, ya rufe shi da dare kuma a kai shi allura don jikokinsa da yarana tare suke wasa da shi. Rufewa ya yarda, allura ya ce zai yi shawara. Na sayo sabuwar raga mita biyu a babbar kasuwa, yanzu haka ita nake bugawa. Ƙwan nan biyu na sa wa wata uwar amma ina jin sun riga sun yi sanyi.

Dan_Yelwa:
To ukun fa? gashin da ka gani a bakinsa ba shaida ba ne?

Inna_Ridina:
Ɗana bar ukun, allurar nan ka bi. In ya ce ba kuɗi ka cire daga na huɗun ka kai shi da kanka.

MaiAllura_Marwa:
In zaka kai shi kar ka ɗauke shi a hannu, sa shi a kwando mai murfi ka ɗaure, kuma ka ce a rubuta sunan Alhajin a karnen ba naka ba.